Yadda Ake Zaɓen Wincin Lantarki Don Motar Shiga Daji

Duk mai tuƙa Hilux ko Land Cruiser a hanyoyin karkara ya san halin damina. Hanyar da ka bi da rani kana tayar da ƙura, watan Agusta na kamawa sai ta koma taɓo, mota ta kafe har cikinta ya zauna a ƙasa. Winci shi ne injin da ake ɗaurawa a gaban mota, yana da ganga mai naɗe igiya, yana shan wuta daga batir. Ka ɗaura igiyar a bishiya ko a wata mota, ka danna, ya jawo ka waje. Na daɗe ina zaɓar wa mutane shi ina kuma ɗaurawa, kuma abin da nake fara gaya wa kowa shi ne kada ya ƙarar da kuɗinsa kan injin kaɗai. Winci yana bukatar batir mai ƙarfi, da mazaunin da ya kama shasi, da abin da za a ɗaura igiya a kai. In ɗaya ya gaza, ƙarfin da aka rubuta a jikin kwali ba zai amfane ka da komai ba.

Kayan da za ka tanada

Kafin ka je kasuwa kana bukatar tef na awo, da mitar auna wuta, da littafin motarka in yana nan, da mai rewaya wanda ka yarda da aikinsa. Sannan ga kayan da dole ka saya tare da wincin, ka sa kuɗinsu cikin lissafi tun farko:

- Safar hannu ta fata mai kauri.
- Madaurin bishiya, wato bel mai faɗi da ba ya miƙewa, tsawon kamar mita 3.
- Shakul biyu ko uku, wato ƙarfen haɗi mai siffar kofaton doki, waɗanda aka buga nauyin da suke ɗauka a jikinsu. Mai tan 4.75 shi ne daidai da irin waɗannan motoci.
- Kura guda ɗaya, wato fulin da ake ratsa igiya ta cikinsa don a ninka ƙarfin ja. Nauyin da take ɗauka ya zama ninki biyu na ƙarfin wincin.
- Bargo mai nauyi ko tsohuwar darduma da za a yafa wa igiya.
- Shebur.
- Makunnin yanke wuta mai jure amfiya 500.

1. San ainihin nauyin motarka

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, ko ka ɗaga bonet ka nemi ɗan farantin ƙarfe. Za ka ga an rubuta GVM ko GVWR, da adadi a gabansa. Wannan shi ne nauyin mota da cikakken kayanta: mutane, mai, ruwa, buhuna, komai. Da shi ake lissafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki nauyin mota babu kaya, alhali mota ba ta cika kafewa ba sai ran da take maƙil da buhunan taki ko jarkokin mai.

Hilux mai ƙofa huɗu yakan faɗa tsakanin wajen kilo 2,700 da 3,200, gwargwadon shekararsa. Land Cruiser 79 yakan kai 3,200 ko ya haura. Ƙaramar mota irin Suzuki Jimny kuwa kilo 1,400 ne da 'yan kai. In farantin ya goge, ka loda motar yadda ka saba ka kai ta sikelin auna manyan motoci. In kuma ka san kana yi mata lodin da ya wuce ƙa'ida, to yi lissafi da abin da kake lodawa.

2. Ninka nauyin sau ɗaya da rabi

Wannan ita ce ƙa'idar da masu ƙera winci suka bayar, kuma ita ce mafi ƙarancin abin da za ka saya. Mota mai kilo 3,000 tana bukatar winci mai jan kilo 4,500. Yawancin winci da laba ake rubuta ƙarfinsu, don haka sai ka ninka kilon sau 2.2: kilo 4,500 ya zama laba 9,900. Ka ga ke nan mai laba 9,500 da ya cika kasuwa ya ɗan gaza, sai ka tafi ga mai 10,000 ko 12,000.

Yanzu ga abin da mai shago ba zai tsaya yi maka bayani ba. Adadin da ke jikin kwali ƙarfin winci ne lokacin da aka warware igiya kusan duka, saura naɗin farko a jikin ganga. Duk sanda igiya ta hau kan 'yar'uwarta, gangar ta ƙara kauri, ƙarfin ja ya ragu. In igiya ta cika ganga, winci yakan rasa kashi 25 zuwa 40 cikin 100 na ƙarfinsa. Wato wanda ya ɗaura igiya a bishiyar da ke mita 5 gabansa, mai laba 9,500 ɗinsa bai fi ƙarfin mai 6,000 ko 7,000 ba. Winci mai kyau yana zuwa da jadawali a littafinsa da ke nuna ƙarfin kowane naɗi da amfiyar da yake sha. In babu wannan jadawali, ina jin tsoron kayan.

Sai kuma irin ƙasar da kake bi. Masu aikin ceton manyan motoci suna lissafi kamar haka: motar da ta nutse zuwa tsakiyar taya, jan ta yana bukatar ƙarfi daidai da nauyinta; in ta wuce tsakiyar taya har laka ta kama bodi, ninki biyu. Baƙar lakar nan ta firgi da ke yankin Dikwa da Gamboru Ngala, da yumɓun fadama, riƙe mota suke yi kamar ana tsotsarta daga ƙasa. Hawan tudu da santsi irin na hanyoyin ƙauyukan Mambila shi ma ƙarin nauyi ne. A irin waɗannan wurare ba na ba mai Hilux shawarar ƙasa da laba 12,000, wajen kilo 5,400.

Amma kada ka ce tunda haka ne bari in sayi mai 17,000. Zai yi wa gaban mota nauyi, ba zai shiga bamba ba, kuma yana iya lanƙwasa shasin da ba a yi shi don wannan ƙarfi ba. Mai 12,000 da kura a hannu ya fi maka.

3. Auna wutar motarka

Winci yana cin wuta fiye da komai a jikin mota. Ba kaya ma yakan sha amfiya 60 zuwa 80, in yana ja da iyakar ƙarfinsa kuwa yana kaiwa 400 ko fiye. Altanetar irin waɗannan motoci ba ta cika wuce 80 zuwa 130 ba, don haka sauran daga batir yake fitowa.

Ɗora mita a kan batir da safe kafin a tayar da mota. Lafiyayyen batir zai nuna wajen bolt 12.6. Tayar da injin, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. In bai kai ba, gyara altaneta tukuna. Duba jikin batirin inda aka rubuta CCA, wato ƙarfinsa na tayar da inji cikin sanyi, adadin kada ya gaza 650. Batirin da ke wahalar tayar da mota ran sanyin hunturu ba zai riƙe winci ba, ka sauya shi.

Ka tabbatar ko motarka mai bolt 12 ce ko 24. Wasu tsofaffin Land Cruiser masu dizal da manyan motoci 24 ne. Ganin batir biyu ba ya nufin 24, ya danganta da yadda aka haɗa su, sai mai rewaya ya auna maka. In za ka riƙa amfani da winci kullum, ƙara batir na biyu. In ba hali, batir ɗaya mai kyau ya isa, muddin injin mota na aiki yayin da kake ja, kana ɗan taka totur, kana kuma hutar da wincin.

4. Duba injin, giya da akwatin wuta

Injin winci iri biyu ne. Akwai mai maganaɗisu a ciki, ya fi araha, ya fi ƙarancin shan wuta, amma zafi yana raunana shi. Ya dace da ƙananan motoci da aikin jefi-jefi. Akwai mai naɗin waya zalla, wanda za ka ga an rubuta series wound a kwalinsa. Shi ya fi jure dogon ja, kuma a zafin ƙasarmu shi nake zaɓa wa duk motar da ta kai tan 2.

Giyar da ta fi yawa a yanzu ita ce mai hawa uku da ƙananan haƙora ke zagaya babba, kuma ta wadatar. Za ka ga adadi kamar 150:1 ko 265:1, wato sau nawa injin ke juyawa kafin ganga ta juya sau ɗaya. Babban adadi yana nufin jinkiri amma da sauƙi ga injin, ƙarami kuma sauri da ƙarin shan wuta. Mai fita daga laka ba sauri yake nema ba.

Akwatin wuta, wanda ke sakar wa injin winci wuta in ka danna rimot, shi ne ya fi saurin mutuwa. Tsohon tsari solonoid huɗu ne, wato ƙananan makunnan wuta, a jere, ruwa da ƙura na shiga su yi tsatsa, wani lokaci su manne winci ya ƙi tsayawa. Sabon tsari dunƙule ɗaya ne a rufe ruf, ana ce masa kontakta, shi za ka nema. Duba kuma alamar IP67 ko IP68. Lamba 6 tana nufin ƙura ba ta shiga, 7 ko 8 kuma jure nutsewa cikin ruwa. Ga mai tsallaka rafi da damina, mai shan ƙurar hunturu da rani, wannan alama ta cancanci ƙarin kuɗin. Rimot marar waya yana da daɗi, amma kada ka yarda da wincin da ba shi da rimot mai waya, domin batirin marar waya yakan mutu a aljihun mota ba ka sani ba.

5. Igiyar ƙarfe ko ta zare

Nan ne aka fi gardama. Igiyar ƙarfe, galibi mai kaurin milimita 8 zuwa 9.5, tana jure gogar dutse da yashi da zafin rana, kuma ta fi araha. Aibinta nauyi, da tsatsa, da ƙananan wayoyi da ke tsinkewa su tsaya kamar ƙaya su yanki hannu. In ta lanƙwashe wuri guda ta yi rauni ke nan har abada. In kuwa ta tsinke ana cikin ja, tana dawowa da ƙarfin da zai iya kashe mutum.

Igiyar zare, wadda ake saƙawa da zaren roba irin Dyneema, ba ta da nauyi, tana yawo a kan ruwa, in ta tsinke ba ta yin bulala kamar ta ƙarfe, kuma wanda ya koya zai iya saƙa ta ya haɗa a daji. Abokan gabanta uku ne: rana, yashi da zafi. Yashi yana shiga tsakanin zaren ya riƙa cin sa daga ciki. Birkin yawancin winci a cikin ganga yake, in ka daɗe kana sakin igiya da injin alhali da nauyi a kai, gangar za ta yi zafin da zai lalata naɗin farko.

Ga ra'ayina: motar aiki da direbobi da yawa ke karɓa-karɓa, ana jan itace ana jan wasu motoci, a sa mata ta ƙarfe. Motar da kai kake tuƙa abarka, za ka rufe igiyar daga rana, za ka wanke ta bayan laka, sa ta zare, ta fi aminci ga rayukan mutanen da ke taruwa kallo.

Ƙofar da igiya ke fita ta cikinta dole ta dace da igiyar. Ta ƙarfe tana son mai rola huɗu. Ta zare tana son sumul ɗin farantin alminiyam. Kada ka sa igiyar zare a rolar da igiyar ƙarfe ta riga ta kakkarce, za ta cinye ta. Haka ma gangar, a goge duk wani kaushi kafin a naɗa.

6. Auna wurin zama

Yawancin winci daga laba 8,000 zuwa 12,000 ramukan notinsu huɗu ne, tazarar milimita 254 da 114. Auna faɗi da tsawo da zurfin wurin da ke bayan bambarka, ka tafi kasuwa da awon a rubuce. Mazaunin ya zama farantin ƙarfe mai kaurin da bai gaza milimita 6 ba, a ɗaure shi da noti a ƙafafun shasi biyu. Notin ya zama mai lamba 8.8 ko sama a kansa.

Kada mai walda ya manna maka winci a jikin bambar ado ko bututun da aka lanƙwasa don kyau. Ran da aka ja da gaske, bambar ce za ta taho ta bar motar. In ba ka sami bambar winci ta kamfani ba, ƙwararren mai walda zai iya yin farantin da zai ɓuya a bayan bambarka ta asali, ya yi amfani da ramukan da ke jikin shasi. Kada a huda shasi barkatai, kada a yi masa walda. Motar da ke da jakar iska ta kariya, a kiyaye kada a taɓa na'urorinta na gaba.

Lura da abu uku kafin a ƙulle noti: hannunka yana kaiwa ga sandar kulocin winci, wadda ke sakin ganga a ja igiya da hannu, kana iya hango ganga yayin da igiya ke naɗuwa, kuma ba a toshe wa lagireto iska ba. Winci da igiyar ƙarfe yakan kai kilo 35 zuwa 45, ga nauyin bamba. In gaban mota ya sunkuya, sai an sauya sifirin.

7. Sabo ko na hannu

Warn na Amurka shi ne tsohon suna a wannan harka, kuma kuɗinsa ya nuna haka. ComeUp na Taiwan yana da inganci. Runva da T-Max na Sin suna aiki sosai a farashi mai sauƙi. Abin gudu shi ne marar suna, marar littafi, marar lambar siriyal, wanda aka manna wa 13,500 a jiki amma kana ɗaga shi ka ji ba nauyi. Araha ba ta ado. Tambayi mai shago ko yana da kontakta da rimot na sauyi, domin wincin da ba a samun kayan gyaransa ran da ya tsaya ya tsaya ke nan.

A kasuwannin kayan mota irin Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, ana iya dacewa da na hannu da aka cire daga motocin da aka shigo da su. Tsohon mai suna yakan fi sabon marar suna, in ka gwada shi kamar haka: a haɗa da batir a gabanka, ya juya gaba da baya ba ƙarar karo. Sake kuloci ka ja igiya da hannu, ta taho ba gardama. Buɗe akwatin wuta ka duba tsatsa, ka sansana ko akwai ƙaurin ƙonewa. In an yarda a buɗe giya, giris ɗin da ya koma fari-fari alamar ruwa ya shiga. Igiyar da ta zo da shi kuwa, ɗauka cewa sauya ta za ka yi, ka rage kuɗinta a ciniki.

8. Haɗa wuta

Wayoyi biyu masu kauri, ja da baƙa, dukansu su tafi kai-tsaye kan batir. Kada mai rewaya ya ɗaura baƙar a jikin bodi don rage tsawo. Kaurin waya kada ya gaza milimita 35 murabba'i, in an ƙara tsawo a ƙara kauri. Kankare bakin wayar da wuƙa: in cikinta ya fito fari, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, za ta yi zafi ta rage wa winci ƙarfi. Sa makunnin yanke wuta a kan jar wayar kusa da batir, ya zauna a kashe sai ran aiki. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata roba, a nisanta ta da salansa. Igiya kuma ta shiga ganga ta ɓangaren da kibiyar jikin winci ta nuna, domin birkin ɓangare ɗaya yake kamawa.

9. Naɗin farko da gwaji

Sabuwar igiya sako-sako take a ganga. In ka ja nauyi a haka, naɗin sama zai nutse cikin na ƙasa ya maƙale. Nemi fili mai ɗan hawa, ka ɗaura a bishiya da madaurinta, ka warware igiyar saura zagaye 5 in ta ƙarfe ce, 10 in ta zare ce. Kada ka taɓa wuce wannan, domin ɗan notin da ya riƙe bakin igiya ba shi ke ɗaukar nauyi ba, zagayen ne. Sa giyar mota a firi, direba ya ɗan taɓa birki, ka naɗe igiyar a jere da nauyin kamar kilo 450 a kanta.

A nan za ka koyi kura. Ka kai igiya bishiya, ka ratsa ta cikin kurar, ka dawo da ƙugiya ka maƙala a wurin ja na shasin motarka. Ƙarfi ya kusa ninkuwa, sauri ya ragu da rabi, injin ya huta, kuma ka warware igiya da yawa, ka koma naɗin ƙasa mai ƙarfi.

Ja na minti ɗaya, ka dakata. Taɓa injin wincin, in hannunka ba zai iya zama a kai ba, bar shi ya huce. Yafa bargo a tsakiyar igiya. Kori kowa, musamman yara, zuwa nisan da ya fi tsawon igiyar, kuma kada wanda ya tsallaka ta. Kada a zagaya igiya a bishiya a maƙala ƙugiya a jikinta, kada kuma a ɗaura a dunƙulen ƙarfen jan tirela na bayan wata mota, yana ɓallewa ya tashi kamar harsashi.

10. In babu abin ɗaurawa

Ka yi tunanin wannan tun kafin ka biya kuɗi. Mai bin hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma zai yi tafiya mai nisa bai ga itace ba. Shahararriyar bishiyar Tenere ma, wadda ta tsaya ita kaɗai a wannan sahara, mota ta kayar da ita a 1973, gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai. A rairayi, abin da ke fitar da mota shi ne rage iskar taya zuwa wajen 15 ko 18 a gejin mai faci, da shebur, da faranten ƙarfe da ake shimfiɗa wa taya, da tafiya cikin ayari. Winci a can yana amfani ne in akwai mota ta biyu da za ta tsaya a wuri mai tauri.

In kai kaɗai ne, safaya za ta zame maka bishiya. Haƙa rami mai zurfin kamar mita 1 a gaban motar, nesa yadda igiya za ta warware sosai. Ɗaura madauri ta tsakiyar rim, ka saka tayar a tsaye ta ɗan jingina baya, ka yanka siririn lambatu da madaurin zai bi ya fito a kwance don kada ya ɗago ta sama. Mayar da ƙasa ka tattake. Haƙe gaban tayoyin motar da ƙarƙashinta ma kafin ka fara ja, rabin aikin shebur ne ke yi.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, ko motarsa ba ta da wurin zaman winci, ya nemi abin jan hannu irin Tirfor. Yana gajiyar da mutum, amma ba ya bukatar batir, kuma yana ja ta baya ko ta gefe, abin da wincin gaba ba ya yi sai da kura fiye da ɗaya. Sau da yawa hanyar fita daga laka ita ce komawa ta inda aka shigo.

11. Kulawa

Sau ɗaya a wata, ko da ba ka kafe ba, warware igiya 'yan mitoci ka sake naɗewa da injin. Ɗumin yana korar danshi, giris yana zagayawa. Bayan kowace shiga laka, wanke igiyar zare a bokitin ruwa ba omo mai ƙarfi, ta bushe a inuwa. Ta ƙarfe kuma a goge ta a shafa ɗan mai mara kauri. Duba kan batir da notin mazauni kafin damina ta sauka, kuma in winci ya nutse cikin ruwa ya daɗe, a buɗe giyarsa a sauya giris kafin tafiya ta gaba.